Inda Ba Mu da Kowa

Da dabara Lupe ta gano Montana. Kullum da yamma, in tana taya surukarta Inna Saini kankare kwakwa a bayan gida, sai ta jefa sunan wata jiha ta Amurka kamar hira ce kawai ta kawo.

"Inna, muna da wani kuwa a Yuta?"

"Rabin cocin can namu ne. Me ya faru?"

"Ba komai. Alaska fa?"

"'Ya'yan Goggo Litia suna can suna yankan kifi. Ke, wani ya rasu ne?"

Haka ta yi ta bi, jiha bayan jiha, ko wacce ta ambata sai Inna ta zaro mata ɗan'uwa daga ciki. Ran da ta ce Montana, tsohuwar ta dakatar da hannu, ta ɗaga kai tana laluben dangi a sama, ta rasa.

"Wannan kuma ina ne? Ba mu da kowa a can."

Lupe ta sunkuyar da kai kan kwakwarta don kada a ga abin da fuskarta ke yi.

Shekara biyu ke nan da aka kawo ta gidan su mijinta Niko daga tsibirinsu, kuma ba za ta ce ga laifin kowa ba. Gida ne babba a bakin teku, falo ɗaya dogo, labule ne ke raba makwancin wannan da na wancan. Akwai Inna Saini, akwai wanta Kawu Pelenato mai riƙe da sarautar gidan, akwai Talia ƙanwar Niko da tagwayenta mata, waɗanda duk inda barci ya kama su nan ne gadonsu, sau da yawa ma tsakanin Lupe da mijinta. Ana son ta, ana ci da ita, ana dariya da ita. Sai dai murya biyu kawai ta san mijinta da su: raɗa a bayan labule, da kuma ihun da yake yi a kan kiɗa in yana tuƙa motar hayar gidan. Ta tsakiyar, wadda mutum ke magana da ita in shi da matarsa ne kaɗai, ba ta taɓa ji ba. Wata safiya ya miƙo mata kofin koko ya ce, "Ungo, Talia," ya wuce abinsa bai ma lura ba. A makarantar da take koyarwa ranar, sau biyu yara suka tambaye ta ko idonta ke ciwo. Abin da take tsoro shi ne su wayi gari sun zama wa da ƙanwa, a gida ɗaya, cikin lumana, ba tare da sun taɓa sanin juna ba.

Don haka ta kama ɗan gidan katako a bakin wani tafki a Montana, ta waya, a ɓoye. Ƙofa ɗaya, gado ɗaya, duwatsu masu farin kai sun kewaye shi, ba maƙwabci ko na rantsuwa.

Ta tari Niko a ƙarshen hanya, inda yake juya mota, ta hau ta zauna kusa da shi, ta rage kiɗan da kanta, ta nuna masa hoton.

"Kyakkyawa," in ji shi. "Gidan wa?"

"Namu. Na mako guda, in an yi hutun makaranta."

"Me za mu je yi?"

"Ba komai."

"Ba komai kamar yaya?"

"Hutu, Niko. Mu zauna, mu kalli duwatsu."

Ya leƙa ta taga ya dubi dutsen da ya tokare bayan ƙauyensu, kore shar, gajimare na zaune a kansa. Ya sake duban hoton. "Malama, wannan na bayan gidanmu me ya yi miki?"

"Mu biyu za mu je."

"Mu biyu da wa?"

Shi kuwa da ya ga idonta ya kawo ruwa, sai ya rikice, ya kama hannunta ya ce za su je, ko ina ne za su je, Allah ya kai mu. A lokacin ne aka yi gyaran murya daga kujerar baya. Wata tsohuwa 'yar cocinsu ce, da kwandon ayaba a cinya, wadda duk suka ɗauka ta sauka tun a kasuwa.

Labari ya riga su isa gida.

Bayan addu'ar yamma Kawu Pelenato ya ce kowa ya zauna inda yake. Ya gyara zaninsa, ya harɗe ƙafa, ya dubi Niko da fuskar da yake karɓar gaisuwar mutuwa.

"Wa ya rasu?"

"Babu, Kawu."

"To aure ne."

"A'a."

"Coci za a buɗe? Naɗi za a yi? Wani aka kwantar a asibiti?"

Niko ya waiwayi matarsa yana neman agaji. Lupe ta ce, cikin ladabi, hutu ne kawai, yadda mutane ke yi, a je a ga wuri a dawo.

"Waɗanne mutane?" in ji Inna. Idonta ya sauka kan cikin Lupe ya daɗe a can. "'Yata, in wani abu ne na mata, ki faɗa mini. Ba sai an haye teku ba."

"Littattafan nan ne, Inna," in ji Talia tana tsefe kan ɗaya daga tagwayen. "Na faɗa muku ku daina barin ta tana karatu da rana tsaka. Amaryarmu so take ta je ta ga ƙanƙara ta dawo tana mana magana ta hanci."

Kawu bai yi dariya ba. Abin ya dame shi da gaske. Shi ne zai tsaya a gaban ƙauye ya yi jawabin sallama, to me zai ce? Ya ce 'ya'yansa sun tafi kallon dutse? Kuma su sauka a ƙasar da ba mai tarbarsu, ba mai shimfiɗa musu tabarma, kamar waɗanda suka faɗo daga sama ba uwa ba uba? Ya ce shi tun da yake bai taɓa jin wanda ya bar tsibiri ba dalili ba, saboda haka dalilin yana nan, shi ne dai bai gano shi ba tukuna. Ya ce a miƙo masa wayarsa.

Kwanakin da suka biyo baya ya yi su ne a kan waya. Daga Honolulu aka tura shi Yuta, daga Yuta aka tura shi Alaska, wata jikar Goggo Litia ta ce ai kamar ta taɓa ji. Ran Asabar da hantsi, Lupe na shanya, ta ji Inna ta rangaɗa guɗa daga falo.

An samu ɗan'uwa a Montana.

Toma sunansa, jikan ƙanin kakan Niko. Ƙwallo ta kai shi karatu can shekarun baya, daga nan aka daina jin ɗuriyarsa. Aka taru a bayan Kawu kowa na cusa kai cikin wayar, har fuskar wani ƙaton saurayi ta bayyana, da hular sanyi, yana murmushin wanda bai san laifin da ya yi ba.

"Toma ɗana," in ji Kawu, "muna nan tafe. Da tabarmin girma za mu zo, na babban sha'ani. Ina jin ka san dalili."

Kawu tambaya yake yi, da fatan yaron zai faɗa masa abin da shi bai sani ba. Toma kuwa murmushinsa ya ɗauke. Ya waiwaya baya. Can cikin ɗakin aka ji kukan jariri, da muryar wata baturiya tana rarrashi.

"Kawu," ya ce, "dama ina shirin faɗa muku. Na rantse ina shiri. Za mu yi auren. Ku faɗi ranar da za ku iso, ranar za a ɗaura."

Falon ya fashe da sowa. Kawu ya sauke ajiyar zuciya irin ta wanda aka cire wa ƙaya, ya ce, "Ashe aure ne." Inna ta rungume Lupe tana kuka tana dariya.

"Kin sani kika yi shiru. Yarinya mai zurfin ciki, kika rufa wa ɗan'uwan mijinki asiri, kika bi da mu ta bayan gida. Allah ya yi miki albarka."

"Inna, ni ban ma san shi ba."

"Ji ta, har yanzu tana kare shi."

Lupe ta tsaya da jiƙaƙƙen zani a hannu tana bin fuskoki da kallo. Ta fara shakkar kanta ma: ko dai ta taɓa jin sunan Toma ta manta? Da rana Niko ya same ta a wurin shanya, yana fara'a, ya rage murya ya ce, "Ni dai faɗa mini gaskiya, yaya aka yi kika gano?" Ta ci gaba da matse zanin da ya riga ya bushe.

Daga ranar tafiya ta fita daga hannunta. Aka ɗaga katifu aka zaro tabarmin girma da aka daɗe ana ajiya. Aka fitar da anko, shuɗi mai fararen furanni, tela ya kwana biyu yana auna ƙugu. Aka jera akwatunan sanyi a baranda, na kifi daban, na makani daban, na ganyen makani da madarar kwakwa daban, don Inna ta ce yaron nan daga gani yunwa ce ta sa shi wannan aika-aika. Ba mai rigar sanyi a gidan, sai aka bi ƙauye ana aro. Kawu ya gwada wata ja mai kumburi a kan zaninsa, da silifa a ƙafa, ya yi taku biyu gumi ya wanke shi, ya ce in haka mutanen can ke rayuwa to lallai suna bukatar addu'a.

Lupe ta yi yunƙuri ɗaya. Ta buɗe taswira a waya ta nuna wa Inna cewa garin Toma yana gabas ne, fili fetal ba dutse ko ɗaya, tafkinta kuwa yana can yamma, wuni guda a mota. Ta ce tun da haka ne, in an gama biki, ita da Niko sai su wuce su kaɗai, kada a wahalar da manya.

Inna ta karɓi wayar ta juya ta sama da ƙasa. "A jiha ɗaya? Mutum ya wuni yana tuƙi bai faɗa teku ba? Wayar nan taki ƙarya take yi."

"Inna, ƙasar ce da girma."

"To ko da gaske ne, ai ba ma bar ku ku shiga daji ku kaɗai ba. Kin kama mana gida, mu ƙi zuwa? Duk za mu je. Kawunku ya hau gadon, mu a shimfiɗa mana tabarma."

"Ɗaki ɗaya ne fa."

"Nan ɗin nawa ne?"

Da yamma Niko ya dawo daga aiki ya tarar ba ta cikin gida. Tana zaune a kan katangar bakin teku, ta ba gidan baya, kafaɗunta na motsi. Ya zauna kusa da ita yana jujjuya makullin mota.

"Ban gane ba, Lupe. Ke kika ce Montana, ga shi kowa ya yarda. Har dutsen naki za ki gani. Me kuma ya rage?"

"Ni ma na daina ganewa." Ta share fuska da bakin zani. "Niko, ka taɓa jin muryata? Ba ta aji ba, ba ta gaban Inna ba, ba raɗa ba. Tawa."

Ya buɗe baki zai yi magana. Daga tagar kicin, can nesa da su, Inna ta ɗaga murya: "Me take cewa? In muryarta ce ta dishe, akwai lemun tsami a kan tebur."

Niko ya rufe bakinsa. Ya juya ya dubi gidan: tagogi a buɗe, labule na kaɗawa, tagwaye sun leƙo ta ƙarƙashin baranda, Kawu na kan kujerarsa ya karkato kunne ba ko kunya. Ya daɗe yana kallo kamar yau ya fara ganin gidan da aka haife shi a ciki. Ya tashi ya shiga, ya bar ta da tunanin ko ya ji haushi ne, ko kuwa ko kaɗan bai fahimta ba.

Saura magana ɗaya da kowa ke kauce wa: wa zai zauna. Ba a rufe gida a bar shi ba hayaƙi. Ga aladu, ga kaji, ga kabarin mahaifin Niko a ƙofar gida da ake sharewa kowace safiya. An ɗora wa Talia ba tare da an tambaye ta ba, ita kuma ta kwana biyu tana ajiye kwano da ƙarfi. Daren da za a wayi gari Kawu ya shiga gari yankan tikiti, bayan an shafa addu'a, Niko ya yi gyaran murya.

"Kawu, ni zan zauna. Talia ta tafi."

Lupe ta ji kamar an zare mata tabarma daga ƙarƙashi.

"Motar ba ta kwana mako ba aiki," ya ci gaba, idonsa a ƙasa. "Kuma kabarin Baba, ni ya kamata in share. Talia ba ta taɓa hawa jirgi ba."

Kawu ya gyaɗa kai, ya ce magana ce ta ɗa namiji. Inna ta ce to shi ke nan, Lupe ta zo ta zauna kusa da ita a jirgi, dama ita ta san hanya.

Lupe ta dubi mijinta. Bai ɗago ba. Ta rasa inda za ta ajiye maganarsa. Gudunta yake yi? Ya gaji da kukanta ne ya ce ta je ta ga dutsenta ta ƙyale shi? Ko kuwa ƙofa ce ya buɗe ya koma gefe yana jira ya ga ko za ta shigo? Kunnensa kawai take iya gani, ya yi ja. Tafkin ya faɗo mata a rai, da farin kan duwatsun da ta kalla a waya har ta haddace su. In ta yi shiru za ta gan su.

"Inna," ta ce, "in na tafi, wa zai dafa masa?"

"Ke da kika haɗa tafiyar?"

"An riga an haɗa. Ku ne manya, ku ake bukata a wurin."

Kawu ya ce a rubuta wannan a faɗa wa 'yan matan zamani. Inna ta goge ido, ta ce to tun da su biyu za su zauna, sai a bar musu tagwaye su ɗebe musu kewa, gida ba yara ai kango ne.

Lupe ta ɗago kai da sauri. Talia ta dube ta, ta dubi wanta da jan kunnensa, ta sake duban ta. Wani murmushi ya taso mata a gefen baki.

"'Ya'yana ne masu riƙe fure a bikin, Inna, da su zan tafi," in ji ta. Da ta zo wucewa ta taka ƙafar Lupe da gangan, ta ce ƙasa-ƙasa, "Malamar dutse. Ki gaishe mini da ƙanƙara."

Ranar tafiya Kawu ya ce shi ba ya tseren jirgi, tun rana na tsaka aka loda akwatunan sanyi da tabarmi a motar gidan. Ya yi jawabinsa a gaban ƙauye, dogo, mai dalili. Niko da Lupe suka kai su filin jirgi, aka yi koke-koke, Inna ta maimaita inda ta ajiye gishiri, suka juyo. Duk tsawon hanya Niko bai kunna kiɗa ba.

Rana na shirin faɗawa teku suka shiga gida. Falon ya yi faɗi, har takunsu na amsawa. Niko ya je ya zauna a wurinsa na kullum, jikin ginshiƙi. Lupe ta zauna a nata, can gefen mata. Tsakaninsu fili ne na mutum shida. Ya dube ta, ya rage murya ya ce wani abu.

"Ban ji ba."

Ya sake raɗawa.

"Niko, wa kake tsoron ya ji?"

Ya waiwaya hagu da dama, sai dariya ta kama shi, irin wadda ba ta san yana da ita ba, mai zurfi, daga ciki. "Cewa na yi, yanzu me ake yi a hutun?"

"Ban sani ba. Ban taɓa yi ba."

"To mun haɗu."

Ta taso ta rage filin da rabi. Shi ma ya matso. "Da ka ce za ka zauna," in ji ta, "ka san zan zauna?"

"Ban sani ba. Sai da kika ce wa zai dafa mini na tabbata, don duk tsibirin nan an san ba don girkinki na aure ki ba."

Ta kai masa duka a kafaɗa, ya riƙe hannun bai saki ba.

A waje aka buga tsohuwar tukunyar gas da ke rataye a bishiya, alamar lokacin addu'ar yamma ya yi. Ƙauyen ya ɗauke, yara suka bar hanya, daga gidaje waƙa ta fara tasowa. Su biyu suka zauna suna jiran a ɗauko waƙar, sai suka tuna Inna ce ke ɗaukowa kullum. Wayar Niko ta hau ruri a kan tabarma, sunan Inna a fuskarta. Suka zuba mata ido tare. Hannunsa ya motsa, ya tsaya.

"Lokacin addu'a ne," ya ce a hankali. "Ba a ɗaga waya."

Suka bar ta ta yi ta gaji. Sannan ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ta.

"Ɗauko mana, Lupe. Da ƙarfi. Ina so in ji."

Ta ja numfashi ta fara. Muryar ta fito da rawa, baƙuwa ko a kunnenta, ta bi falon har ƙarshensa ta dawo. A baiti na biyu tasa ta shigo ƙarƙashin tata.